Masu Rubuta Kowane Ciniki Sau Biyu

Kayan da ke barin gaɓar tafkin Kainji kowanne da irin tafiyarsa. Bandar kifi a kwali take fita daga Yauri da Warra. Albasar da Gungawa ke nomawa a bakin ruwa a buhu take fita. Zinariyar da matasa ke haƙowa a dazukan Yauri da Ngaski ba ta neman mota, aljihu ya ishe ta. Ruwan kansa ma, in ya gangara ya kai madatsar da ke ƙasar Borgu a Jihar Neja, yakan juya injuna ya zama wutar lantarki, ta bi waya zuwa Birnin Kebbi, wani kaso ya zarce Yamai. Galibin wannan kaya a cikin Najeriya yake ƙarewa. Amma duk abin da ya tsallake iyaka, akwai ma'aikata a sashen ƙididdiga na Babban Bankin Najeriya a Abuja waɗanda aikinsu ne su san da shi, su yi masa kuɗi da dala, su ajiye shi a layin da ya dace cikin wani littafi da ake rufewa duk bayan wata uku.

Littafin shi ne lissafin shige da ficen kuɗi tsakanin ƙasa da sauran duniya, wanda masana tattalin arziki ke kira ma'aunin biyan kuɗi. A cikinsa ake ganin abin da muka sayar wa waje da abin da muka sayo, abin da muka ranto da abin da muka biya, abin da 'yan uwa suka aiko gida da abin da baƙi suka tura nasu gidan. Zancen tsadar dala kowa gwani ne a kansa. A teburin mai shayi ana yanke masa hukunci tun shayin bai huce ba. Babban kaso na amsar kuwa yana cikin wannan littafi, kuma masu haɗa shi ba su cika surutu ba.

Sana'ar ta daɗe. Tun ba a shata iyakokin yau ba, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan bi ta Yauri su ƙetare kogin Kwara, kuma ayari yakan tafi da malaminsa, wanda ban da addu'a shi ke riƙe da rubutu. Salon rubuta ciniki sau biyu kuwa 'yan kasuwar Italiya ne suka goge a kansa, har wani malamin lissafi mai suna Luca Pacioli ya bayyana ƙa'idarsa a littafin da aka buga a birnin Benis a 1494. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, shi ya shimfiɗa wa ƙasashe tsari guda a kan wannan ƙa'ida: kundin jagoransa na farko ya fito a 1948, bugu na shida a 2009. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, ƙasar kuma ta shiga asusun a 1961. Da wannan kundi a gefe, da kwamfuta, da jadawalin farashin canji na kowace rana, da tarin takardun kwastam da na bankuna, ma'aikacin yake zama ya fara.

Wane ne na gida?

Tambayarsa ta farko ba ta kuɗi ba ce, ta mutum ce. Littafin ba ya rubuta ciniki sai wanda aka yi tsakanin mazaunin ƙasa da wanda ba mazauni ba. Fasfo ba ya yanke wannan hukunci, ƙabila ma haka. Abin dubawa shi ne inda mutum ya kafa rayuwarsa da nemansa, kuma ma'aunin shekara guda ne.

Mu ɗauki ɗan ci-rani da ya taso daga Doso ta Jamhuriyar Nijar bayan girbi, ya yi wata huɗu yana aikin lada a gonar shinkafa a Shanga. Bai cika shekara ba, saboda haka baƙo ne. Ladan da aka biya shi kuɗi ne da Najeriya ta biya waje, tuwon da ya saya da ɗakin da ya kama kuwa ciniki ne da Najeriya ta yi da waje. Yayansa da ya shekara biyar yana sayar da shayi a Yelwa shi mazauni ne, ko da takardunsa na Nijar ne. Cinikin shayinsa bai shafi littafin ba sam, sai ranar da ya aika wa mahaifiyarsa kuɗi. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma layinsu daban.

Ƙa'idar tana da togaciya, kuma a nan ake gane wanda ya karanta kundin daga wanda ya buɗa shi kawai. Ɗalibin Yauri da ke karatu a Madina ko Alƙahira yana nan mazaunin Najeriya ko shekara nawa ya yi, haka majinyaci, haka ma'aikacin jakadanci. Alhajin da ya tafi sauke farali, kuɗin masaukinsa da guzurinsa da tsarabarsa biya ne ga waje. Kuɗin jirginsa fa? Sai an duba jirgin wa ya hau. In na kamfanin gida ne, kuɗin bai bar ƙasa ba. In na Saudiyya ne, ya fita.

Kowane ciniki ƙafa biyu gare shi

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin. Duk abin da aka rubuta, sau biyu ake rubuta shi: sau ɗaya abin da aka bayar, sau ɗaya abin da aka karɓa a madadinsa, kuma dole adadin ya zama ɗaya.

A ce ɗan kasuwar Yauri ya kai albasa Kamba ya sayar wa wani daga Gaya ta Nijar. Rubutu na farko mai sauƙi ne: kaya sun fita, a sa su a ɓangaren samu. Na biyu ya danganta da yadda aka biya. In sefa aka ba shi, to wani mazaunin Najeriya ya mallaki kuɗin wata ƙasa, wato dukiyar da muke da ita a kan waje ta ƙaru. In naira aka ba shi, abin ya fi daɗin nazari. Duk takardar naira da ke aljihun mutumin Gaya tamkar bashi ce da yake bin Najeriya, domin zai iya dawowa ya karɓi kaya da ita. Da ya miƙo ta, bashin da ake bin mu ya ragu. In bashi ya ɗauki albasar sai kasuwa ta zagayo, a rubuta cewa muna bin sa. In musaya aka yi da wake, a rubuta fitar albasa da shigowar wake. In kuwa kyauta aka ba shi, ba a barin ɗaya ƙafar a rataye: akwai layi na musamman na abin da aka bayar ba don a mayar ba. Ciniki ɗaya, hanya biyar, kuma ma'aikacin ba ya zaɓen wadda ta fi masa sauƙi.

Babuka uku

Daga nan sai rabon layuka. Littafin yana da manyan babuka uku, kuma tarihin madatsar Kainji ya isa ya nuna yawancinsu.

An fara gina madatsar a 1964, aka kammala a 1968. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82 a 1964 domin aikin. Rance ba samu ba ne. Yana shiga babin hada-hadar kuɗi, inda ake rubuta bashi da jari da ajiya, a matsayin nauyin da ya hau kan ƙasa. Injuna da ƙarafan da aka sayo daga waje suna shiga babin harkokin yau da kullum, layin kaya, ɓangaren biya. Gamayyar kamfanonin Italiya da ta yi ginin, Impregilo, ta yi shekaru a wurin da ofisoshi da ma'aikata. A ƙa'idar yau, irin wannan babban aiki mai daɗewa ana ɗaukar sa reshe ne mazaunin ƙasa mai jarin waje, ribarsa ce ake lissafawa ga masu shi na ƙetare. Da lokacin biyan bashi ya zo kuma, sai a tsaga kowane biya gida biyu: kuɗin ruwa ya tafi layin kuɗin da jari ke haifarwa, uwar kuɗi ta koma babin hada-hada ta rage nauyin da aka rubuta tun farko. Wanda ya haɗe su wuri guda ya ɓata babi biyu da alƙalami ɗaya.

Wutar da madatsar ke bayarwa fa, wadda ba a ɗaurewa a buhu? Kundin ya ce kaya ce, a jera ta da albasa da ɗanyen mai. Ma'auninta mita ce. Ranar da ta tsallaka ake rubuta ta, ko kamfanin wutar Nijar, NIGELEC, ya biya ko bai biya ba. In bai biya ba, ɗaya ƙafar ta zama bashin ciniki. Lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 da aka ɗage takunkumi, abin da duniya ta gani siyasa ce. Abin da ma'aikacin ya gani kuwa layi ne da ya bushe.

Babin yau da kullum yana da layuka huɗu: kaya, ayyukan hidima irin su dako da tafiye-tafiye, kuɗin da aiki da jari ke haifarwa, sai aike da tallafi. A layi na ƙarshen nan ne kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida ke zama, kimanin dala biliyan 20 a shekara. Babi na biyu ƙarami ne, na kyautar dukiya da yafe bashi. A nan irin yafiyar dala biliyan 18 da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yi wa Najeriya a 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, take samun gurbi. Babi na uku, na hada-hada, shi ma yana da ma'auninsa. Baƙon da ya mallaki kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'ar kamfani ko fiye, mai zuba jari ne kai tsaye, ya zo ya zauna. Wanda bai kai haka ba mai sayen takardun hannun jari ne, yau yana nan gobe ya tattara. A ƙasan babin kuma akwai asusun ajiyar ƙasashen waje da Babban Banki ke riƙe da shi.

Farashi da lokaci

Sanin layi bai isa ba, sai an san nawa za a rubuta. Mu ƙaddara an shigo da injin jirgin ruwa ƙirar Yamaha, irin wanda ake ɗaura wa kwale-kwale a Warra, kuma takardar kwastam a Legas ta nuna dala 3,000. Mai gaggawa zai kwafe adadin ya wuce. Gwani ya san kwastam suna haɗa kuɗin kaya da na dako da na inshora, alhali littafinsa yana son farashin injin a bakin tashar ƙasar da ta sayar. Sai ya ɓare: wataƙila 2,700 ne kuɗin injin, 250 na jirgin da ya yi dako, 50 na inshora. Kuɗin dako ya koma layin hidima in jirgin na baƙi ne. Na inshora kuwa, in kamfanin gida ne ya karɓa, sai ya fita daga littafin gaba ɗaya. Ba injin ɗaya-ɗaya ake bi ba. Ana binciken kamfanonin jiragen ruwa da na shigo da kaya a fitar da kaso, a riƙa sabunta shi, don kuɗin dako ba ya zama wuri ɗaya.

Lokaci ma haka. Ranar da kaya suka sauya mai su ita ce ranar ciniki, ba ranar biya ba. Canjin da za a yi amfani da shi kuma na wannan lokacin ne. A shekara irin 2023, da aka saki naira a watan Yuni ta faɗi warwas, wanda ya auna cinikin Maris da farashin Disamba ya ƙirƙiro labarin da bai faru ba.

Zinariya ce ta fi gwada ƙwarewa. In dillali ya saye ta a hannun mahaƙa a Ngaski ya kai ta Dubai, kaya ce ta fita. A watan Yulin 2020 kuwa aka gabatar wa Shugaba Buhari sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5 da aka haƙo a cikin gida, ƙarƙashin shirin tallafa wa ƙananan mahaƙa wanda Kebbi na cikin jihohin da aka fara shi, Babban Banki ya saye ta naira miliyan 268. Irin wannan saye, ko da ya ƙara wa asusun ajiya nauyi, ba ya shiga lissafin ciniki da waje, domin mai saye da mai sayarwa duk 'yan gida ne. A wani jadawali dabam ake nuna shi, na dukiyar ƙasa da bashinta. Haka in farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya: ajiya ta ƙara daraja, amma babu wanda ya yi ciniki.

Inda takarda ta ƙare

Daga ina alƙaluman suke zuwa? Hukumar Kwastam da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna ba da na kaya. Kamfanin mai na ƙasa da hukumomin man fetur suna ba da na ɗanyen mai da iskar gas, waɗanda su ne mafi yawan abin da muke fitarwa. Mai shigo da kaya yana cika Fom M ta bankinsa, mai fitarwa yana cika Fom NXP. Bankuna da kamfanonin aika kuɗi suna kawo rahotonsu. Ofishin Kula da Basussuka yana kawo na rance. Kamfanoni masu jarin waje kuwa takardar tambayoyi ake aika musu, a bi su da waya, a sake bi.

Amma jirgin da ya taso daga Gaya ko Malanbil ta Benin ya biyo Kwara ta Dole Kaina da Lolo bai san Fom M ba, haka mai babur da ya ratsa daji ta bayan Tsamiya. Da aka rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, cinikin takarda ya ja baya, amma mutanen bakin iyaka sun san fito bai tsaya ba. Kafin cire tallafin fetur a Mayun 2023, jarkoki sun yi ta tsallakawa ba rasit. Duk wannan ciniki ne da waje, kuma kundin bai ce a bar shi don ba a biya masa haraji ba.

Dabara biyu ake yi masa. Ta farko, a tura masu ƙidaya su zauna a mashigar iyaka da bakin fito da takarda a hannu. Ba kamu suke yi ba, ƙirga suke yi. Buhu nawa ya wuce, na mene ne, ina ya dosa. Su tambayi nauyin buhun, don buhun albasa da na masara ba ɗaya ba ne, su shiga kasuwa su ji farashin ranar. Su ƙirga ranar kasuwa, su ƙirga ranar da ba kasuwa, su dawo da kaka, su dawo da bazara, sannan a faɗaɗa adadin ya rufe shekara. Babban Bankin Najeriya ya taɓa yin irin wannan bincike, hukumar ƙididdigar Benin ma ta yi nata. Aiki ne na rana da ƙura, kuma ƙimarsa tana hannun mai ƙidayar. In ya koma inuwa ya cika takarda da ka, ba wanda zai kama shi ranar, amma ƙaryarsa za ta yi tafiya har Abuja.

Ta biyu ita ce leƙa littafin maƙwabci. Abin da muka fitar, wani ya rubuta shi a matsayin abin da ya shigar. In Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ce ta karɓi zinariya daga ƙasashen Afirka fiye da yadda su suka ce sun fitar, bambancin yana magana. In Benin tana shigo da shinkafa fiye da abin da jama'arta za su iya ci, mai hankali ya san inda ragowar take kwana.

Ranar rufe littafi

A ƙarshe sai a haɗa. Tunda kowane ciniki sau biyu aka rubuta shi, rara ko giɓin babuka biyun farko ya kamata ya yi daidai da abin da babin hada-hada ya nuna. A aikace ba ya yi, saboda ƙafa ɗaya daga kwastam ta zo, ɗayar daga banki. Sai ma'aikacin ya koma baya yana bi layi-layi, kamar yadda masunci ke shanya taru ya bi shi ido-ido yana neman inda ya yage. Ko an ƙirga jirgin mai ɗaya sau biyu? Ko wani banki ya sa kuɗin makaranta a layin aike? Ko an biya kaya a Disamba suka iso a Janairu?

Abin da ya rage bayan duk wannan bincike ba a ɓoye shi, ba a kuma cusa shi cikin wani layi don littafi ya yi kyau. Yana da gurbinsa a fili: kurakurai da abin da ya suɓuce. A sanarwar da Babban Banki ya fitar a Afrilun 2025, ya ce ma'aunin 2024 ya nuna rarar dala biliyan 6.83 bayan giɓin biliyan 3.34 a 2023, ajiya ta kai biliyan 40.19 a ƙarshen shekara, aiken 'yan ƙasa kuma biliyan 20.93. A cikin sanarwar ya faɗi cewa layin kurakurai ya sauko daga biliyan 24.90 zuwa biliyan 5.10. Sana'o'i kaɗan ne ke buga girman abin da ya kuɓuce musu kusa da abin da suka samu. Ba Najeriya kaɗai ba ce: in aka tara littattafan duk ƙasashe, abin da duniya ta ce ta sayar da wanda ta ce ta saya ba sa haɗuwa daidai.

Shi ya sa alƙaluman farko ake musu alamar wucin gadi, a gyara su idan sababbin rahotanni sun iso, wani lokaci bayan shekara. Masu tsara kasafi da masu ba da rance da masu sa farashin canji duk a kan wannan littafi suke tsayawa. Mai karatu ma yana da rabonsa. In an sanar da rara, ya duba daga wane babi ta fito: mun sayar ne fiye da yadda muka saya, ko ranto muka yi? In jari ya shigo, na zama ne ko na wucewa? Sannan ya duba layin kurakurai, ya ga nawa ne har yanzu ba a kai ga ƙirgawa ba. Wanda ya iya waɗannan tambayoyi uku, ba kowane jawabi ne zai ruɗe shi ba.